Kwana Casa'in, Labarina ko Ertugrul: Wanne Za a Zuba a Memori?

Ƙanena ma'aikacin lafiya ne, an tura shi wani ɗan asibiti can gaba da Gwadabawa, ƙauyen da sai mutum ya hau tudu ya ɗaga waya sama kafin saƙo ya fita. Yakan yi mako biyu bai leƙo Sakkwato ba. Wata Asabar cikin watan jiya ya iske ni gida a Mabera bayan la'asar, ya zaro memori mai giga 32 daga aljihun gaba, ya ce, "Yaya, kai ka kallon abubuwan ga. Mi za ni zubawa ciki? Dare na yi man tsawo can, in anka yi isha'i ba ka jin komi sai kukan jakkai." Ɗan kabu-kabu na ƙofar gida yana jiransa, zai kai shi wurin masu turin finafinai. Na ce ya sallame shi tukuna, maganar ba ta tsaye ba ce.

Abin da na faɗa masa zan maimaita a nan, har da ƙari, don ba shi kaɗai ke da tambayar ba. Amaryar da aka kai unguwar da ba ta san kowa ba tana yin ta. Ɗalibin jami'ar Ɗanfodiyo da aka ba hutu yana yin ta. Haka magidancin da ya haɗa sola ya sayi talabijin, yana neman abin da zai kunna ba sai ya riƙa rarumar rimot duk sanda yara suka shigo ba. A shekarar nan na zauna na kalli manyan shirye-shirye uku masu dogon zango. Kwana Casa'in na sake shi tun daga farko da hunturu. Ertugrul na bi shi da bazara, lokacin da ɗaki ba ya shiguwa, kowa ya fito da tabarmarsa tsakar gida. Labarina kuwa ba ni na zaɓe shi ba. Maiɗakina ke bin sa duk daren Juma'a, tun ina leƙe daga nesa har na koma ni ke tambaya ko an saki sabo.

Kafin a zo kan daɗi, a fara da lissafin lokaci, don shi ne mutane ba sa yi. Ertugrul, wanda tashar gwamnatin Turkiyya, TRT 1, ta nuna daga Disambar 2014 zuwa Mayun 2019, zango 5 ne, kashi 150, kuma kowane kashi a yadda Turkawa suka yanka shi yakan kai awa biyu, wani ma ya haura. Awa 300 ke nan a ƙalla. Wanda ke ba shi awa biyu kowane dare ba fashi, sai ya yi wata biyar kafin ya ga ƙarshensa. Bashi ne babba mutum ke ɗaukar wa kansa, kuma ranar da ya biya, ga labarin ɗansa Usman, wanda aka fara a Nuwambar 2019, tsaye a bakin ƙofa yana sallama. Giga 32 ba ta ɗauke shi gaba ɗaya sai an matse hoton har fuskoki su koma kamar an shafe su da toka.

Kwana Casa'in kashinsa ba ya cika awa guda in an cire talla, zangon farko kuma kashi 13 ne. Cikin mako biyu ka gama shi a natse. Labarina yana tsakiyar su biyun: kashi kamar awa guda, amma zangonsa ya haura goma, sai dai akwai wata ƙofar baya da za a iya shiga ta nan, zan zo kanta.

Akwai wani tarko a Ertugrul da ya kamata wanda zai je wurin masu turi ya sani. Shirin iri biyu yake yawo. Akwai yankan Turkawa na awa biyu, akwai kuma wanda aka daddatsa zuwa kashi 448 na kusan minti 45 don masu kallo na ƙasashen waje. Ni wani yaro a wani shago ya haɗa mini gambiza, rabi daga wancan rabi daga wannan, ya jera su da lamba kamar abin kirki. Ina cikin kallo, jarumin na ɗaure a hannun abokan gaba, na danna na gaba sai ga shi a gida ana shagalin biki, mutum biyu da na bari da rai an riga an binne su. Na koma shagon da rana tsaka, yaron ya dube ni ya ce, "Malam, ai duk Ertugrul na." To, kafin ka ba da kuɗinka, ka sa a buɗe maka kashi biyu da ke jere, ka duba tsawonsu ya yi daidai, ka kuma duba ƙarshen na farko ya haɗu da farkon na biyu.

Yanzu ga abin da ke cikin tukunya.

Kwana Casa'in na tashar Arewa24 ne, an fara shi a 2019, Salisu T. Balarabe ya ba da umarni. Labarin wata jiha ce da ba ta cikin taswira, Alfawa, da kwanakin da suka rage a yi zaɓen gwamna, daga nan sunan ya samo asali. Dabarar da ta riƙe shirin ita ce wannan jiha ta ƙirƙira. Da an kira sunan jiha ta gaske, da tuni an yi shari'a ko an rufe shi. Amma da yake Alfawa ba ta kowa ba ce, sai ta zama ta kowa. Bakano ya ce jiharsu ake nufi, Bazamfare ya rantse tasu ce, mu ma a nan majalisar mai shayi an sha nuna wani ɗan wasa a ce "wanga ai wane na," a kwashe da dariya, ba a kama suna ba.

Sani Mu'azu ne Gwamna Bawa Maikada, kuma don shi kaɗai ma shirin ya isa kallo. Mun saba da mugun fim mai zare ido da buga tebur. Shi ba ya ɗaga murya. Zai gaishe ka da fara'a, ya tambayi iyali, ya gyara zaman hula, kana fita ka san an gama da kai. Duk wanda ya taɓa zama a ofishin wani babba yana jiran a sa masa hannu ya san irin wannan murmushin. Ga marigayi Umar Malumfashi, wanda ya rasu a 2022, a matsayin Yakubu Ka-fi-gwamna. Sunan kaɗai ya gama bayanin yadda siyasarmu take tafiya: akwai mai kujera, akwai wanda ya ɗora shi. A ɗaya gefen ga Malam Adamu, malamin makaranta da aka jawo cikin takara, ga Sahabi ɗan jarida mai tonon silili. Abin da ya fi burge ni shi ne ba a tsaya a gidan gwamnati ba. Ana bin kuɗin da aka karkatar a sama har a nuna inda raminsa ya fito a ƙasa, a gidan talaka. Na ce wa ƙanena, kai da kake zaune a asibitin da wani lokaci auduga ma sai majinyaci ya sayo, a nan za ka ga hanyar da audugar ta bi ta ɓace.

Aibinsa shi ne na duk shirin da ya samu karɓuwa: an ƙi barinsa ya mutu da mutuncinsa. Kwana casa'in ɗin sun daɗe da cika, ana ta ƙara zango. An sauya fuskokin wasu 'yan wasa a tsakiyar tafiya, sai ka ga an kira suna wata fuska dabam ta amsa. Zaman falo da ƙulle-ƙullen da ake warwarewa a sake ƙullawa sun yi yawa daga baya. Zango biyun farko dai tsaf suke, ba kitse ba ƙashi.

Labarina wani abu ne dabam, kuma sai an tuna lokacin da ya fito za a gane dalilin da ya sa ya kama mutane haka. A 2020 ne, shekarar kullen korona. Kasuwar faifai ta riga ta mutu, 'yan gidajen kallon da ake da su an rufe, masu shirya fim na Kano suka juya ga YouTube da shiri mai dogon zango. Aminu Saira ya zo da Labarina, Lawan Ahmad ya zo da Izzar So, kowa na zaune a gida da waya a hannu. A wajen iya ɗaukar hoto, haske da sauti, Labarina ya fi Kwana Casa'in, ba na jayayya a nan. Saira ya san inda ake ajiye kyamara, ya san lokacin da shiru ya fi magana. Nafisa Abdullahi a matsayin Sumayya, Nuhu Abdullahi a matsayin Mahmud, da Rabi'u Rikadawa a matsayin Baba Ɗan Audu, dattijon nan mai zaƙin baki da idon cin naira, sun riƙe zangunan farko da kyau. Rikadawa musamman. Yana fitowa za ka ji haushi ya kama ka, kana kuma dariya, don kowace zuri'a tana da irinsa guda ɗaya.

Sai dai labarin ya sha wahala a hannun abin da ke faruwa a bayan fage. Nuhu Abdullahi ya bar shirin, daga baya Nafisa ma ta bari, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya. Ba laifin Washa ba ne, ta yi iya yinta, amma ido ya riga ya saba. Kana kallo kana jin yadda marubuci ke lanƙwasa labari don ya cike gurbin wanda ya tafi, kamar tela da yadi ya gaza masa yana haɗa ƙyalle. Daga baya aka rufe wancan babin gaba ɗaya, aka buɗe sabon labari da tsohon suna, inda Sadiq Sani Sadiq ya fito a Alhaji Mainasara, attajirin da ya ɓoye dukiyarsa ya shiga rigar talauci don ya gane mai son sa tsakani da Allah. Ƙofar bayan da na ambata ke nan: kana iya farawa daga Mainasara ba ka san Sumayya ba, ba abin da zai ɓace maka. Jigon tsoho ne, tun a tatsuniya muke jin ɗan sarkin da ya yi shigar almajiri, amma Sadiq ya iya tafiyar mai kuɗin da ke ƙoƙarin manta cewa yana da su, kuma a nan daɗin yake.

Abin da ke gajiyar da ni a Labarina jan rai ne. Mota za ta taho, mai gadi ya buɗe ƙofa, ta shiga, a rufe, a buɗe murfi, ƙafa ta sauko, duk ana nuna maka. A kalli juna minti guda kiɗa na tashi. A tuno abin da ka gani makon jiya. Ga wanda ke kallo a YouTube da datarsa, kowane irin wannan kuɗi ne ke zuba. Ga mai memori da sauƙi, yatsa na kan fuskar waya, sai ya tura gaba.

Tambayar da ta fi duk waɗannan nauyi a gidajenmu ita ce: wa ke zaune kusa da kai? Labarina ba shi da batsa, amma zancen soyayya ne tsagwaronsa, kuma akwai kalaman da ba ka so a furta kana zaune tabarma ɗaya da mahaifiyarka. Ranar da Inna ta kwana gidana aka kunna shi, saurayi ya fara zuba wa budurwa kalamai, sai na tsinci kaina ina duba wayata kamar an kira ni. Ita kuwa ta jawo takalmanta ta ce, "Bari in tahi in kwanta, ku ƙare shirmenku." Tsakanin miji da mata, ko 'yan mata su kaɗai, ba abin da ya kai shi. Da suruki a ɗaki kuwa, a'a. Kwana Casa'in ya fi shiga taro, don gardamar da yake tayarwa ta siyasa ce, wadda dattijo da yaro duk suna da abin faɗa.

Ertugrul ta fuskar sutura da kunya ba shi da abin cewa, mata a rufe, ana salla, ana addu'a, ana ambaton Allah a kowane motsi. Matsalarsa jini. Ana yanka, ana soke mutum, ana azabtar da kamamme a nuna maka a fili. Mako biyu da fara shi, yaran layinmu suka kasu gida biyu da karan dawa a hannu, kowa na son ya zama Turgut mai gatari, ba mai son zama Bamonge. Ɗana ya shigo da goshi a fashe yana murna wai ya yi shahada. Daga ranar na mai da shi kallon bayan yara sun yi barci. Inna ma ta ɗan zauna masa dare biyu, a na uku ta ce, "Wai mutanen ga ba su da sana'a sai sara da suka? Yaushe su ka kiwon bisashensu?"

Duk da haka ba zan ɓoye ba, a cikin ukun shi ya fi hana ni barci, kuma na san dalili. Labari ne na ƙarni na 13, na wata ƙabilar makiyaya, Kayi, masu zama a tantuna, suna ƙaura da dabbobinsu tsakanin 'yan Salibiyya ta yamma da Mongol ta gabas, ga munafukai a cikin gida, ga fadar Saljuƙawa da makircinta. Daga wannan 'yar ƙabila aka samu Usman, wanda daular Usmaniyya ta ɗauki sunansa, daular da ta kai har 1922, halifancinta kuma 1924. Dawakai na gaske, kaya na gaske, faɗa kamar ba wasa ba. Zango na biyu, inda Noyan kwamandan Mongol ya shigo, shi ne ƙololuwa a wurina. Daga na huɗu kuwa ka riga ka haddace salon: a yi amana, a ci amana, a kama jarumi, ya kuɓuta, a fille kan maci amana, wani sabo ya tsiro. Ba mu kaɗai ya kama ba. A Pakistan, firaministan lokacin, Imran Khan, da kansa ya sa aka fassara shi zuwa Urdu, gidan talabijin na gwamnati ya fara nuna shi da azumin 2020.

Amma Basakkwace yana kallonsa da wani ido na dabam. Jama'a kaɗan masu dabbobi da littattafai, an matsa musu, sun yi hijira, sun yi mubaya'a a daji, sun ci yaƙin da ba wanda ya zaci za su ci, sun sha kashi har an ce sun ƙare, sannan suka kafa daula. Wa za a ba wannan labari a garin da Hubbare yake? Hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu a 1804, Tafkin Kwatto a shekarar, asarar Tsuntsuwa inda mahaddata da yawa suka kwanta dama, Alwasa, faɗuwar Alƙalawa a 1808, Bello ya kafa garin nan a 1809, har zuwa ranar yaƙin Giginya da Turawa a Maris ɗin 1903 da tafiyar Sarkin Musulmi Attahiru zuwa Burmi. Ina kallon Turkawa na sukuwa, zuciyata na Gudu.

A nan ne kuma nake jan kunnen duk wanda zai kalle shi. Abin da tarihi ya tabbatar game da Ertugrul na gaske bai cika shafi guda ba. Babbar shaidar ita ce wani tsabar kuɗi da aka buga da sunan Usman ɗan Ertugrul. Ko sunan mahaifinsa malaman tarihi sun saɓa, wasu sun ce Sulaiman Shah kamar yadda shirin ya ɗauka, wasu sun ce Gunduz Alp. Ibn Arabi, malamin sufaye da ke bayyana duk sanda jarumi ya shiga ƙunci, mutum ne na gaske, ya rasu a Dimashƙa a 1240, amma zaman da suke yi tare aikin marubuci ne. Na ji wani a majalisa yana kafa hujja da shirin kamar ya karanto daga littafi, har yana cewa "ai tarihi ya nuna." Tarihi bai nuna ba, Mehmet Bozdag ne ya nuna, shi ya ƙirƙiri shirin. Abin da ke ci mini rai shi ne, su da ɗan tsabar kuɗi guda suka gina awa 300. Mu kuwa waɗanda suka halarci yaƙoƙin da kansu, Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello, sun rubuta abin da suka gani, Waziri Giɗaɗo ya rubuta, Nana Asma'u ta waƙe shi, takardun na nan a garin nan, amma yaranmu sunan Bamsi, abokin yaƙin Ertugrul, suka sani, ba su san Ali Jedo, sarkin yaƙin Shehu, ba.

Na san abin da za a ce: wa zai yarda a ɗauko wani ɗan wasa a naɗa masa rawani a ce shi ne Shehu? Tambaya ce mai nauyi, kuma Larabawa sun riga mu cin karo da ita. Shirin Umar, na tarihin halifa Umar ɗan Khaɗɗabi, kashi 31, wanda tashar Larabawa ta MBC ta nuna da azumin 2012 a ƙarƙashin umarnin marigayi Hatim Ali, ya nuna fuskokin halifofi huɗu. Wasu manyan malamai sun duba rubutun sun amince, Azhar kuma ta ƙi. In don tsari da kusanci da abin da ke cikin littattafai ne, ya fi Ertugrul nesa ba kusa ba, kuma wata guda ya ishe ka. Amma ban sa shi cikin jerin ƙanena ba sai da na ce masa ya fara tambayar malaminsa. Kowa ya san gidan da ya fito.

Sai maganar harshe. Ertugrul ko dai ka karanta Turanci a ƙasan hoto, wanda a fuskar waya aikin ido ne, ko ka nemi fassarar Hausa da ke yawo wurin masu turi. Fassarar ba ɗaya ba ce. Akwai mai kyau, akwai wadda murya biyu ke yi wa mutum ashirin magana, a tsakiyar jana'iza mai fassara ya jefo barkwancin da ba ya cikin asali. A fim ɗin Indiya na faɗa wannan barkwanci shi ne gishirin, amma a nan ɓata miya yake. Ka saurari minti biyar kafin a tura maka. Sauran biyun kuwa Hausa ce tsantsa, ta Kano dai, wadda kunnenmu ya saba da ita. Ƙorafina ɗaya, ba ga su kaɗai ba, ga masana'antar duka: duk ranar da ka ji Sakkwatanci a fim, to maroƙi ne, ko baƙauye, ko wanda aka kawo don a yi dariya. Har yau ina jiran likita ko alƙalin da zai buɗe baki ya ce "mi kac ce?" ba tare da an sa kiɗan ban dariya a bayansa ba.

Wasu za su tambayi Daɗin Kowa. Tun 2015 ake yin sa, ya zama kamar unguwa: ba a farawa daga farko, shiga ake yi a gaisa da su Kamaye da Adama a fita. Na mai talabijin ne, ba na mai memori ba. Izzar So yana da masoya na haƙiƙa, wa'azinsa a fili yake, Umar Hashim mutumin kirki ne har ya wuce misali, ni kuma jarumin da ba ya kuskure ba ya daɗe a raina. Gidan Badamasi na ranar da ka dawo a gajiye ne, ba ka son tunani.

Dogon zango kullum kamar tuwo ne safe da dare, dole a sa wani abu a tsakani. Na zaɓa masa finafinai uku na dare guda. Na farko 12th Fail, na Indiya, 2023, wanda Vidhu Vinod Chopra ya shirya a kan rayuwar Manoj Kumar Sharma, ɗan ƙauyen da ya faɗi jarrabawar gama sakandare a shekarar da wani jami'in ɗan sanda ya hana satar amsa a makarantarsu, daga baya ya yi ta faɗuwa yana tashi har ya zama babban jami'in 'yan sanda. Ba rawa a kan dutse, ba mutum guda ya doke hamsin. Akwai wurin da yake aiki a injin niƙa, fuska duk gari, yana karatu a ɗan ɗakin da ba ya miƙuwa. Duk wanda ya taɓa zana JAMB sau biyu, ko ya san abin da ake yi a wasu cibiyoyin jarrabawa, zai ji shi a ƙirji. Na biyu tsoho ne, Lion of the Desert na Mustafa Akkad, inda Anthony Quinn ya fito a Umar Mukhtar, malamin allon da ya yi shekara 20 yana yaƙar Italiya a Libiya har suka rataye shi a 1931. Mai ƙishin Ertugrul ya sha wannan, cikin awa uku zai samu abin da yake nema, kuma mutumin na gaske ne, tarihinsa a rubuce. Na uku Mati a Zazzau, 2020, na dariya, Sadiq Sani Sadiq da Rahama Sadau. Amina na 2021 kuwa na ce ya bar shi. Kaya da dawakai sun yi kyau, amma sarauniyar Zazzau tana ba da umarni da Turanci, na kasa haɗiyewa.

Ga yadda muka raba giga 32 ɗin. Kwana Casa'in zango na 1 da na 2 su ne tuwon. Farkon labarin Mainasara, don daren da yake son abu mai taushi. Finafinan nan uku. Ertugrul na hana shi, ba don ba shi da kyau ba. Mutumin da ake tasa da ƙarfe biyun dare an kawo mai naƙuda, da safe kuma ga layin masu zazzaɓi, bai kamata ya ƙulla da shirin da kowane kashinsa ke ƙarewa da wuƙa a wuyan wani ba. Ga caji ma sai an kai waya shagon mai sola. In ya samu hutun shekara ya ɗauki zangon farko ya gwada. Da amarya ce ta tambaye ni, da Labarina zan sa a gaba tun daga Sumayya. Da ɗalibi ne mai dogon hutu, Ertugrul, amma da sharaɗin ya kai Hubbare ziyara ya kuma tambayi wane ne Ali Jedo. Mai talabijin a falo da iyali, Kwana Casa'in, ba sai an ɓoye rimot ba.

Ya karɓa ba da son ransa ba, don abokansa duk zancen Noyan suke. Kwana goma ban ji daga gare shi ba. Ran Laraba da asuba saƙonsa ya shigo, da alama tun dare ya rubuta, sai da ya hau tudu ya fita: "Yaya, na ƙare na biyu. Ni da mai gadi da direban asibiti mu ka kallo bakin baranda. Mai gadi ya rantse ya san Ka-fi-gwamna, har gidansu ya sani. Don Allah ka sai wani memori ka sa muna na ukku, ka ba direban motar Gwadabawa ran kasuwa."